Gidan Wasan Laka na Samaru

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir, ko a Bafarawa ko Isa ko Sabon Birni, ya san wasa ba ya jiran gini, domin da zarar an share dandali, makaɗa sun zauna, jama'a sun yi zobe, to fage ya kammala. Wannan zoben ne aka kewaye da katanga a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta Zariya, har ya zama gidan wasan kwaikwayo.

Asalin al'amarin kuwa, a shekarar 1975 wani malami, Michael Etherton, wanda ya taɓa koyarwa a Zambiya, ya soma darasin wasan kwaikwayo a jami'ar, bai kuwa gamsu da irin zauren Turawa mai labule ba, inda 'yan kallo ke jere cikin duhu, 'yan wasa na can sama nesa da su. Steven Ehrlich, Ba'amurke mai koyar da zanen gine-gine, shi ya fitar da fasali, magina suka ɗora da laka, aka gama a 1976.

Wanda ya shiga sai ya zaci gidan wani dattijo ya faɗa: ɗakuna ne kewayayyu masu jinka, katangu sun haɗa su, tsakar gida kuma ita ce fage, ba ta da rufi sai samaniya, ta yadda mai wasa yakan fito ta kowace ƙofa, ya ratsa jama'a, har gefen rigarsa ya shafi gwiwar mai kallo. Hikimar ba baƙuwa ba ce a Zariya, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu. Abin mamaki kawai, a ganina, shi ne jami'a ta amince da laka a lokacin da kowa ke alfahari da siminti da kwano.

Laka kuwa tana da nata sharaɗi, kamar yadda kowane maigida a Bafarawa ya sani: in damina ta wuce ba a sake yaɓe ba, ba a canza ciyawar jinka ba, sai gini ya soma zaizayewa. Daga cikin waɗannan katangu ɗalibai suka fita zuwa garin Soba a 1977 da wani wasa mai suna Wasan Manoma, suka yi shi a fili, manoma sun yi musu zobe.