Direba Mai Laifi da Kuɗin Inshora a Ingila

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, yanzu akwai 'ya'yanmu a London da Manchester masu neman abinci da mota, wani yana tasi, wani yana rarraba kaya gida-gida. Akan ji ɗayansu ya aiko cewa ya jingine mota, alhali ba ta lalace ba, ba a kuwa karɓe lasinsa ba. Sai uba ya zaci lalaci ne. To, sau da yawa kuɗin inshora ne ya fi ƙarfinsa.

Ku sani tun 1930 dokar Ingila ta wajabta wa mai mota ya yi inshora, domin in ya buge mutum a sami inda za a biya diyya. Amma kuɗin ba ɗaya ba ne ga kowa. Kamfani yakan dubi shekarun direba, da unguwarsa, da irin motarsa, sa'an nan ya dubi halinsa a kan hanya. Halin nan kuwa a rubuce yake, gama kowane laifi yana da maki da ake ɗora wa lasin. Wanda ya wuce ƙa'idar gudu, mafi ƙarancin hukuncinsa tarar fam 100 da maki 3. Wanda aka gani da waya a hannu yana tuƙi, fam 200 da maki 6. In maki ya kai 12 cikin shekara 3, galibi akan hana shi tuƙi wata 6. Sabon direba kuwa, maki 6 kaɗai cikin shekara 2 na farko sun isa a soke lasinsa, ya koma jarrabawa tun daga tushe.

Tarar ita ce mai sauƙi, ana biyanta sau ɗaya a huta. Wahalar tana ranar sabunta inshora. Makin yakan zauna a takardar mutum shekara 4, na tuƙi cikin maye kuwa shekara 11, kamfanoni kuma sun saba tambayar laifin shekara 5 da suka wuce. Watau kowace shekara sai ya sake biyan laifin nan cikin kuɗin inshora. Wanda aka taɓa hana wa tuƙi, wasu manyan kamfanoni ba su ko yi masa ciniki. Sai ya nufi dillalai waɗanda sana'arsu ke nan, neman wa masu laifi inshora. Su kan samo masa, amma da tsada, kuma da sharaɗi: ko a ƙara kason da zai fara biya daga aljihunsa in hatsari ya auku, ko a dasa masa wani ɗan akwati a mota mai rubuta gudunsa da yadda yake taka birki da lokacin da yake fita. Duk falken da ya taɓa ba da kaya bashi ya san wannan hisabi. Wanda ya taɓa cin amanarka, in za ka sake ba shi, sai da jingina.

A nan ne samari ke faɗa wa rami na biyu. Wani ya ɓoye laifinsa ga kamfani. Wani ya rubuta sunan ɗan'uwansa mai tsabtar lasin a kan shi ne mai tuƙa motar kullum, alhali ba haka ba ne. Wannan zamba ce a dokarsu, mu ma a wurinmu ba ta da wani suna. Ran da hatsari ya auku kamfani zai bincika. Zai biya wanda aka ji wa rauni, gama doka ta tilasta masa, sa'an nan yana iya juyowa ya bi direban bashin abin da ya biya, motarsa kuwa ba mai gyara masa. Wanda ya ce bari ya yi tuƙi ba inshora ɗungum, tararsa fam 300 da maki 6, 'yan sanda kuma suna da ikon kama motar, har a murƙushe ta. Waɗanda irin wannan direba ya buge, akwai asusun da kamfanonin suka kafa a 1946 mai biyansu, kuɗinsa kuwa daga aljihun masu biyan inshora da gaskiya yake fitowa.

Mu nan Nijeriya dokar inshorar wajibi ta 1945 daga ta Ingila aka ɗauko ta, sai dai ba a ɗauko wannan bambanci ba. A Janairun 2023 aka mai da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida, daga naira 5,000. Dattijon da ya shekara 30 bai ko taka kaza ba, da yaron da ya kife mota sau biyu a hanyar Kano zuwa Zariya, kuɗi ɗaya suke biya.