Lissafin ƙwayar zarra a ƙasar da ɗakin gwaji ya yi ƙaranci

Yaron da ya bar Zuru ya tafi karatun Fiziks a Aliero ko Sakkwato, ba makawa zai haɗu da lissafin da Schrödinger ya fitar a 1926, wanda ke kwatanta elektiron da igiyar ruwa. Tun farko hanyar ba ɗaya ba ce. Heisenberg ya riga shi a 1925 da jadawalin lambobi, Feynman ya zo a 1948 ya ce a tattara duk hanyoyin da ƙwayar za ta iya bi, Bohm kuma a 1952 ya ce igiyar jagora ce kawai, ƙwayar na nan a wurinta.

A jami'o'in Najeriya an fi rungumar wani reshe guda. Malamai da dama, musamman a Fatakwal da Ilori, sun shahara da warware lissafin Schrödinger ta dabarar Nikiforov da Uvarov, Rashawa biyu da littafinsu ya fito da Turanci a 1988. Ana zaɓo siffar ƙarfin da ke riƙe zarra biyu, a warware, a buga. Dalilin a fili yake. Aikin ba ya son na'ura mai tsada ko wutar da ba ta ɗaukewa, takarda da biro da kwamfuta sun isa. Ga kuma ƙarin girma da ya rataya kan yawan maƙalu.

An amfana. Matasa sun goge a lissafi, sunan ƙasar ya shiga mujallun duniya. Abin da ke damuna shi ne maimaici: a ɗan sauya siffar ƙarfin, a sake bin tsohon sawu, sau da yawa ba tare da an gwada sakamakon da abin da aka auna ba.

Alhali manyan tambayoyin ma da biro ake fara su. A 2021 Renou da abokansa suka nuna a mujallar Nature cewa ana iya gwada ko lissafin zai tsaya ba tare da wata baƙuwar lamba ba, wadda in an ninka ta da kanta take ba da ɗebe ɗaya. A takarda suka tsara gwajin, masana a Hefei da Shenzhen na ƙasar Sin suka aiwatar, sakamakon ya goyi bayan lambar. Har yanzu wasu na jayayya da sharuɗɗan da aka gina hujjar a kansu, kuma wannan jayayya ɗalibin Zuru zai iya shiga daga teburinsa in ya sami malamin da zai nuna masa ita.