Gishirin Harshe: 'Yan Ƙananan Kalmomin Da Ke Wahalar Da Masu Ƙago Harsuna

Malaman Hausa suna da sunan da suke kiran 'yan kalmomin nan da muke yayyafawa cikin zance, irin su dai da fa da kam da kuwa da ma. Suna ce da su gishirin Hausa. Ba sunan wani abu ba ne da za a nuna da yatsa kamar doki ko takobi, ba kuma aiki ba ne kamar ci ko gudu, amma in aka tsame su daga magana sai ta zama lami. Mai karatu ya gwada da kansa. "Zo" umurni ne. "Zo mana" lallashi ne. "Zo fa" gargaɗi ne. "Kai dai zo" kuwa ana nufin a bar dogon zance. Aikin dai guda ne, amma kowace magana da irin zuciyar da ta fito.

To, a Turai da Amurka akwai waɗansu masana harshe waɗanda sana'arsu ita ce ƙago harsuna sababbi fil domin littattafan almara da fina-finan sararin samaniya, watau a ba wa mutanen da ba su taɓa wanzuwa ba bakin da za su yi magana da shi. Wanda bai san aikin ba zai zaci wuyarsa ita ce samo sunan rana da wata da ruwa da yaƙi. Wannan kuwa shi ne mai sauƙi, don kowa zai iya zama ya cika takarda da sunaye a yini guda. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen 'yan ƙananan kalmomi: yaya za a yi tambaya, yaya za a ce a'a, yaya za a kira mutum, yaya kuma za a nuna cewa labarin da ake bayarwa ji aka yi, ba gani ba.

SHEHUN MALAMIN DA YA KASA YANKE HUKUNCI

Uban wannan fage shi ne J.R.R. Tolkien, shehun malami a Jami'ar Okasfod ta Ingila, wanda ya wallafa The Hobbit a 1937, da The Lord of the Rings a 1954 da 1955. Shi da kansa ya bayyana cewa harsunan ne suka riga labaran, watau ya rubuta littattafan ne don harsunan su sami duniyar da za su zauna. Guda biyu suka fi shahara, Quenya wanda ya ɗauko ƙamshinsa daga harshen mutanen Finlan, da Sindarin wanda ya bi tsarin harshen Welish.

A Quenya, ar ita ce "da", nai kuma ita ce kalmar fata da ake sa wa a farkon jimla, kusan yadda muke buɗe addu'a ko fatan alheri. A Sindarin kuwa akwai wata 'yar kalma i, wasali ɗaya tak, wadda take nuna sanannen abu, amma da ƙarfinta take sauya baƙin farko na sunan da ya biyo ta. Alal misali tâl ƙafa ce, amma "ƙafar" sai ya zama i dâl.

Abin mamaki shi ne kalmar da ta fi ba shi wahala tana cikin mafiya ƙanƙanta. Kalmar lá a Quenya, a wani zamani ya ba ta ma'anar "a'a", a wani zamani ya juya ta ta zama "i", daga baya kuma ya sake komawa. Ya rasu a 1973 ya bar takardunsa ɗauke da ra'ayoyin biyu, har masu nazarin harshen suka gaji aikin zaɓen wanda za su bi. Mutumin da ya shafe fiye da shekara hamsin yana gina harshe, ya tsara sunayen taurari da itatuwa da sarakuna, ga shi "i" da "a'a" sun hana shi sakat.

HARSHEN MAYAƘA

Wanda ya fi kowane yaɗuwa cikin irin waɗannan harsuna shi ne Klingon, harshen waɗansu mayaƙan wata duniya a fina-finan Star Trek. Marc Okrand, wanda ya yi nazarin harsunan 'yan asalin Amurka, shi ya tsara shi domin fim na uku da ya fito a 1984, sa'an nan ya buga ƙamusunsa a 1985. Da gangan ya zaɓi ɗaya daga cikin tsare-tsaren jimlar da suka fi ƙaranci a harsunan duniya, inda abin da aka aikata wa yake zuwa da fari, sai aikatau, sai mai aikin. Da Hausa ce, maimakon "Audu ya ci tuwo" sai a ce "tuwo ci Audu".

Gishirin Klingon yawancinsa manne shi ake yi a ƙeyar kalma. Sop shi ne ci. Sopbe' bai ci ba. SopQo' ya ƙi ci, kuma kowa ya san tsakanin "bai ci ba" da "ya ƙi ci" akwai faɗa guda. Sop'a' tambaya ce, ya ci? Sopbej lalle ya ci, ba shakka. Soplaw' da alama ya ci. Haka ma a wajen suna: jup aboki ne, jupna' aboki na haƙiƙa, jupHey wanda ake zaton aboki ne, jupqoq kuwa shi ne abin da Bahaushe zai taɓe baki ya ce "wai aboki".

Akwai kuma wani wuri da Klingon ya fi kusa da Hausa bisa ga Turanci. Bature kalma ɗaya yake da ita ta haɗa sunaye da haɗa jimloli. Mu kuwa mukan ce "Audu da Binta", amma ba ma cewa "ya zo da ya zauna" in muna nufin ya zo kuma ya zauna. Okrand ma ya raba su biyu, je don sunaye, 'ej don jimloli. Ɗan Ingila mai koyon Klingon sai ya yi ta tuntuɓe a nan, alhali ɗan Hausa ya saba tun yana goye.

YA WANE, MU TAFI KO?

A 2009 fim ɗin Avatar na James Cameron ya fito da harshen Na'vi, wanda Paul Frommer na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya tsara. A wannan harshe srane ita ce "i", kehe ita ce "a'a", sai aka dunƙule kawunansu aka sami srak, kalmar da ke mai da magana tambaya, tamkar a ce "i ko a'a?" In za a kira mutum sai a sa ma kafin sunansa, daidai da yadda muke cewa "ya Malam". Har ila yau akwai ɗafa-ciki, watau ɗan guntun sauti da ake cusawa a tsakiyar aikatau don a nuna yadda mai magana yake ji. Kame shi ne gani irin na fahimtar zuciyar mutum. In aka ce kameie ana murna da ganin, in kuwa aka ce kamänge ba a so aka gani ba.

Abin da zai sa mai karatu murmushi shi ne Na'vi yana da kalmar ko, a ƙarshen jimla take zuwa, kuma aikinta neman amincewar wanda ake magana da shi. Dacewa ce kawai, amma Bahaushen da ya ce "mu tafi ko?" ya riga ya iya ta.

David Peterson, wanda ya tsara harshen Dothraki na mahayan dawaki domin shirin talabijin na Game of Thrones da aka fara nunawa a 2011, 'yan kalmomi kaɗan ya tarar a littattafan George R.R. Martin, yawancinsu sunaye. Kafin 'yan wasa su iya yin gardama da ciniki da barazana a gaban kyamara, sai da ya samar musu hash mai buɗe tambaya kamar "shin", da vos ta ƙi, da zhey ta kiran mutum. Da sunan doki da na takobi kaɗai ba a iya neman aure, balle a yi sulhu.

BAKWAI A MADADIN "WAI"

Wadda ta fi kowa zurfafawa a wannan sha'ani wata mata ce, Suzette Haden Elgin, masaniyar harshe Ba'amurkiya. A 1982 ta fara tsara harshen Láadan, wanda ta sa a littafinta Native Tongue na 1984. Damuwarta ita ce yadda mutum zai faɗi magana mai zafi, in an tuhume shi ya ce ba haka yake nufi ba. Saboda haka ta sa jimla ta buɗe da kalmar da ke bayyana niyya: Bíi bayani ne, Báa tambaya, Bó umurni, Bóo roƙo, Bé alkawari, Bée gargaɗi. Wanda ya buɗe da Bé ba shi da bakin cewa ai hira kawai yake yi.

A ƙarshen bayani kuma sai a faɗi inda aka samo shi, da ɗaya daga cikin kalmomi 7. Wa, ni na gani ko na ji a jikina. Wi, abu ne a fili kowa ya sani. We, a mafarki na gani. Wáa, an faɗa mini kuma na yarda da wanda ya faɗa. Waá, an faɗa mini amma ban yarda da shi ba. Wo, ƙagowa na yi. Wóo, ban san ko gaskiya ne ko ƙarya ba. Mai karatu ya lura cewa wáa da waá karin sauti ne kaɗai ya raba su, abin da ba zai ba mai jin Hausa tsoro ba. Ba Elgin ce ta fara wannan dabara ba, don harsuna irin su Turkanci da Kecuwa na Kudancin Amurka suna bambanta abin da aka gani da abin da aka ji labari a cikin nahawunsu. Láadan bai sami masu magana da shi kamar Klingon ba, amma har yanzu masu wannan sana'a suna komawa gare shi in ana zancen gishiri.

NAMU GISHIRIN

Mu da muke zaune nesa da ƙasar Hausa mun san wannan al'amari ta wata fuska. A zangon Kumasi ko a Nima, mutanen ƙabilu da yawa suna cin kasuwa da Hausa, kuma baƙo yakan kama sunan kaya da ƙidayar kuɗi cikin 'yan watanni. Abin da yake ɗaukar shekaru shi ne sanin inda ake sa dai da inda ake sa kam. Ta nan ne kuma harshe yake sauyawa ba tare da an ankara ba. Masana sun daɗe da lura cewa a Hausar Gana "ne" ta karɓe aikin "ce", har a ce "mace ne". Wannan ba abin kunya ba ne, haka harsuna suke yi in sun yi tafiya. Amma akwai gishirin da asararsa ta fi haka tsada.

A ɗauki "wai". Abin da Elgin ta zauna ta ƙago da wahala, kakanninmu sun bar mana babban rabonsa a baƙi ɗaya da wasali biyu. "Wai an rufe iyaka" da "an rufe iyaka" ba ɗaya ba ne: na farko ya ɗauko labari ne ya ajiye, na biyu ya tsaya shaida. Yanzu da saƙonni ke yawo ta WhatsApp daga waya zuwa waya, sau da yawa "wai" ce take faɗuwa a hanya, kafin a kai gida na uku jita-jita ta zama gani da ido, ɗan kasuwa ya fasa tafiya, ko dangi su kwana cikin zullumi a banza.

Don haka iyaye da malaman makarantun zango, in ana koya wa yara Hausa kada a tsaya ga sunan kare da kaza da kwano. Littafi yana iya koyar da waɗannan. "Mana" da "fa" da "ashe" da "wai" kuwa a bakin manya ake tsintarsu, a wajen tatsuniya da hirar dare da cinikin kasuwa, sai yaro ya ji su sau ɗari kafin ya san mazauninsu. In ya ce "ba ni", a tambaye shi ko "ba ni mana" yake nufi. In ya kawo labari daga waje, a tambaye shi, gani ka yi ko wai ne?