Kwaɗo Ɗaya, Makulli Ɗaya: Mu da Mutum-mutumi a Masana'antun Greensboro

Jama'a, duk wanda ya tashi a Greensboro ya ga yadda garin nan ya canja sana'a. A da masaƙa ce ke ciyar da gari. Masaƙar White Oak ta kamfanin Cone, wadda ta fara saƙa yadin jins a 1905, ta rufe a ƙarshen 2017. Yau aiki ya koma gidajen ajiyar kaya da sababbin masana'antu, irin ta batir da Toyota ta gina a Liberty, wadda aka sanar a Disamba 2021 kuma ta fara aiki a 2025, da alkawarin ɗaukar ma'aikata kusan 5,000. To su wa za su cike guraben nan? Har da mu, da iyayenmu da suka zo daga Yamai, Maraɗi da Kano. Kuma a irin waɗannan wurare, abokin aikinka sau da yawa ba mutum ba ne.

Ni gyaran injunan masana'anta nake koyo, shi ya sa maganar ta dame ni. Ku manta da mutum-mutumin fim mai kai da ƙafa. Na masana'anta hannu ne na ƙarfe da aka dasa a ƙasa, yana ɗaga kaya, yana walda, yana maimaita motsi ɗaya dare da rana. Ba ya fushi, ba ya mugunta. Matsalarsa ɗaya: in ba a sa masa ido ba, bai san kana nan ba.

Hukumar OSHA, mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka, ta daɗe tana cewa yawancin haɗurran nan ba lokacin da aiki ke tafiya daidai suke faruwa ba. Suna faruwa ne lokacin gyara, gwaji, ko in wani abu ya maƙale. A Yuni 2016, a masana'antar kayan mota ta Ajin USA a Alabama, layi ya tsaya, wata ma'aikaciya 'yar shekara 20 ta shiga kejin inji don ta gyara. Injin ya tashi ba zato, ya danne ta, ta rasu washegari. A 2020 kamfanin ya amsa laifi a kotu, aka ci shi tarar dala 500,000, da diyyar dala miliyan 1. Laifin? Ba a tilasta kashe wuta da kulle ta kafin shiga ba.

Kariyar iri-iri ce. Ta farko keji ne mai ƙofar da ke tsayar da inji in an buɗe ta. Akwai labulen haske: jerin idanun lantarki, kana ratsa su da hannu inji ya tsaya. Akwai na'urar lesa da ke sharar ƙasa tana auna tazara. Ka matso, inji ya rage gudu, ka ƙara matsowa, ya tsaya cak. Sai ƙananan da ake kira kobot, waɗanda aka ƙera don su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da mutum, suna tsayawa in sun ji sun taɓa wani abu. Ƙa'idar ISO/TS 15066 ta 2016 ta raba jikin mutum gida 29, ta faɗi iyakar matsin da kowane wuri zai iya ɗauka. Amma fa kobot da ke riƙe da wuƙa, wuƙa ce dai. Ko mai koya wa inji motsi, in yana ciki, gudun hannun bai kamata ya wuce milimita 250 a daƙiƙa ba, kuma akwai maɓalli a hannunsa: ya saki, inji ya tsaya, ya matse da ƙarfi don firgita, nan ma ya tsaya.

Duk da wannan fasaha, abin da na fi yarda da shi kwaɗo ne, irin na shagon Baba. Dokar OSHA ta 1989 ta ce kafin ka shiga gyara, a kashe wuta, a sauke iskar da ke cikin bututu, ka sa kwaɗonka mai sunanka a kan makunnin, makulli yana aljihunka. Mutum uku ne za su shiga? Kwaɗo uku. Inji da ya yi shiru ba a kashe yake ba. Wataƙila jira yake.

Nan ne tarbiyyarmu ke iya cutar da mu. An koya mana kunya, an ce ba a musu da babba. Sai shugaban layi ya ce, yi sauri mana, minti ɗaya ne, ka ga kamar rashin ladabi ne ka tsaya neman kwaɗo. Ga kawu da ya samu aikin ta kamfanin haya, Turancinsa kaɗan, yana tsoron a ce kada ya dawo gobe. Wallahi minti ɗayan nan shi ne duk haɗarin. Rigakafi ya fi magani, a nan kuwa sau da yawa ba maganin ma.

Kuma doka tana bayanka. Bayan gobarar masana'antar kaji ta Hamlet a 1991, inda mutum 25 suka mutu a bayan ƙofofi kullallu, jihar Karolina ta Arewa ta yi dokar REDA a 1992. Ta hana a kori ma'aikaci ko a rage masa matsayi don ya kai ƙara kan haɗari. In an yi maka haka, kana da kwana 180 ka kai kuka ma'aikatar ƙwadago ta jiha. OSHA kuma ta ce dole a yi wa ma'aikaci horo da yaren da yake fahimta.

Saboda haka ga aikinmu, mu masu harshe biyu. Ranar Lahadi, in an zauna cin tuwo, ka tambayi Baba ko Inna ko yaya: a wurin aikinku, an ba ku kwaɗonku? Kun san inda jan maɓallin tsayarwa yake? In sun yi shiru, ka ɗauko takardar horon da aka ba su, ka fassara musu ita layi-layi.