Ko Kun Sani? Allurar Barcin Gada Aikin Likita Ce

Ko kun sani cewa gada da mazo da maraya, irin waɗanda ke gandun dajin Mole a yammacin Tamale, tsoro kaɗai na iya halaka su idan an kama su? Gudu da fafutukar kuɓucewa kan ƙona musu tsoka, jiki ya ɗauki zafi, ƙoda ta lalace, su mutu bayan sa'o'i ko kwanaki. Shi ya sa likitocin dabbobi ke sa su barci kafin a yi musu magani ko a kai su wani wuri.

Galibi akan haɗa ketamin da zailazin ko medetomidin, sannan a farkar da dabbar da atifamezol ko yohimbin. Awo a nan shi ne komai. Saniya ma kusan kashi ɗaya cikin goma na zailazin da ake ba doki ya ishe ta, balle gada mai ɗan ƙaramin jiki.

Da yake gada da ire-irenta masu tuƙa ne kamar akuya, ba a kwantar da su a gefe. A kan ƙirji ake ajiye su, a ɗaga kai, baki ya dubi ƙasa, don kada tumbi ya kumbura ko abinci ya koma huhu. A rufe musu ido, a rage hayaniya, a yi aikin da sanyin safiya.

Jama'a, wanda ya tsinci gada da rauni, ya nemi likitan dabbobi ko jami'an kula da namun daji. Kada a gwada allura a gida.