Jirgin Sama na Katakon Balsa: Me Ke Sa Shi Tashi?

'Yan'uwa ɗalibai, yawancinmu mun taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa. To akwai masu ƙera ƙaramin jirgin sama da yake tashi da gaske, ba injin ba batir, sai roba da farfela kawai. Wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya nuna irinsa a birnin Paris tun shekarar 1871.

Katakon da ake amfani da shi yanzu sunansa balsa. Bishiyarsa tana fitowa a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma ƙasar Ekwado ce ta fi sayar da shi. Abin da ya burge ni shi ne, 'yar'uwar rimi da kuka ce. Idan katakon ya bushe ba ya da nauyi, reza ma tana yanka shi.

Da farko sai a samo zanen jirgin a takarda, wanda girmansa daidai yake da jirgin da za a yi. A shimfiɗa shi a kan allo mai santsi, a rufe da farar leda don kada gam ya manne da takardar. A kan layukan zanen ake jera siraran katakon, a tokare su da fil ta gefe da gefe. Kada a soka fil a jikinsu, tsagewa za su yi. Gam kuwa ɗigo ɗaya ya isa kowace mahaɗa, domin shi ma nauyi ne. Cikin fiffike akwai 'yan katakai masu lanƙwasa kamar haƙarƙari, dole a goge su da samfefa su zama bai ɗaya. Bayan haka a lulluɓe da takarda mai shara-shara, a ɗan fesa ruwa, idan ta bushe za ta ɗame kamar fatar ganga. Za ku ga a zanen bakin fikafikan biyu ya ɗan ɗaga sama. Wannan ba ado ba ne, shi ke dawo da jirgin daidai idan ya karkata.

Amma a ganina duk wannan mai sauƙi ne. Babban aikin shi ne daidaita nauyi. Zanen yana nuna wurin da nauyin gaba da na baya suke haɗuwa, galibi wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. Ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a daidai nan. Idan wutsiya ta rinjaya, jirgin zai ɗaga hanci, gudunsa ya mutu, ya faɗo, ya sake ɗagawa, har ya daki ƙasa. Maganinsa a liƙa ɗan danƙo ko laka a hanci. Idan kuma hanci ya fi nauyi, tsunduma zai yi kai tsaye, sai a rage. Jirgin da ya sha kwana uku ana haɗa shi zai iya kakkaryewa a jifa ɗaya saboda wannan kaɗai.

Shi ya sa ba a fara murɗa roba. Ana zuwa inda ciyawa take da tsawo, da sassafe kafin iska ta taso, a tura jirgin a hankali hancinsa yana ɗan kallon ƙasa. Sai ya sauka sannu a miƙe sannan a murɗa farfela kaɗan, a riƙa ƙarawa.

Balsa yana da wuyar samu a kasuwanninmu. Wanda yake son gwadawa zai iya farawa da sillen kara da siririn kwali, ya yi wanda ba farfela, ya auna shi a kan yatsu kamar yadda na faɗa.