Rashin Natsuwa A Yara: Shin Shahararrun Mutanen Da Ma Sun Yi Fama Da Shi?

A ɗakin awon ciki, mata kan yi mana tambaya game da yaro mai ƙiriniya da ba ya zama wuri ɗaya. Wasu sun ji an ce ai manyan masana na tarihi ma haka suke, don haka babu damuwa. Ga bayani.

Mece ce wannan larura?

Likitoci suna kiranta ADHD. Alamunta uku ne: kasa mai da hankali, yawan motsi, da aikata abu ba tare da tunani ba. Tana shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya. Ba sabuwa ba ce. Likita Alexander Crichton ya yi rubutu kan kasa mai da hankali a 1798, kuma a 1902 likitan yara George Still ya bayyana irin waɗannan yara a Landan.

Me ake cewa game da mutanen da?

A 2019 wasu masana biyu sun rubuta a mujallar Brain cewa mai yiwuwa Leonardo da Vinci, mai zanen nan na Italiya da ya rasu a 1519, yana da larurar, domin yakan fara aiki ya bar shi bai gama ba. Ana faɗin haka kuma game da Thomas Edison na Amurka, wanda bai daɗe a makaranta ba, mahaifiyarsa ta koyar da shi a gida.

Amma duk wannan hasashe ne. Babu likitan da ya duba su ko ya tambayi iyayensu da malamansu. Labari kaɗai ba ya tabbatar da ciwo.

Haka abin yake ga ɗanki

Idan ba a iya yanke hukunci daga labarin tarihi, ba a iya yanke shi daga maganar maƙwabta. Kafin likita ya tabbatar, sai alamun sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makarantar boko ko Islamiyya, kuma suna hana yaro karatu ko zaman lafiya da mutane. Rashin ji sosai, ƙarancin barci ko farfaɗiya suna iya kama da ita.

Me mai juna biyu za ta yi?

Gado ne ya fi yawa a cikin dalilan larurar, ba laifin uwa ba ne. Sai dai ta fi samun bakwaini da jariran da aka haifa ba su da nauyi, da yaran da gubar dalma ta shiga jikinsu. Saboda haka:

1. Ki riƙa zuwa awo a kan lokaci.
2. Ki guji taba, shisha da giya. Maigida ya daina shan taba a ɗaki.
3. Kada a sa wa jariri kwallin dutse, domin yakan ƙunshi dalma.

A lura

Duka ba ya maganin wannan larura, kuma jiran yaro ya zama gwani wata rana ba magani ba ne. Akwai taimako: horar da iyaye, haɗa kai da malamai, da magani idan likita ya ga dama. Ku kawo yaron sashen yara. In da buƙata, za a tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa.

Allah ya sauke ku lafiya, ya raya mana zuri'a.